Zauren Tambaya: Jan Ruwan Yamai da Fakon Adar

Assalamu alaikum. Tun da damana ta ɗauke, wasiƙun da ke shigowa zauren nan kusan duk a kan ruwa suke. Wani ya yi masa yawa har ya kwantar masa da katanga, wani kuwa ɗigo yake nema a gonar da ko ƙaya ba ta tsirarwa. Na ɗauki biyar, na rage musu tsawo saboda fili. Ga waɗanda yau suka fara zama da mu: ni Ba'adara ce, a wani ƙauye na ƙasar Keita aka binne cibiyata, labarin ƙasa kuma nake koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Yamai.

Daga wani dattijo mai lambu a Saga, Yamai

"Ƴata Malama, ina gaisuwa. A bakin kogin nan aka haife ni. Da muna yara sai cikin ɗari kogi ke cika, ruwansa garau, ya hau a hankali ya sauka a hankali, kowa ya san iyakarsa. Yanzu tsakiyar damana yake afko mana, ja wur, ya cinye lambu ya shiga ɗaki. Kuma ni shaida ne, ruwan sama na ƙuruciyarmu ya fi na yanzu. To yaya sama ta rage amma ambaliya ta ƙaru?"

Baba, ina amsawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Idonka bai yaudare ka ba. Abin da ka gani daga bakin lambu shi ne ke rubuce a littattafan masu auna kogin, waɗanda suka soma aikin a Yamai tun 1929.

Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara ko Neja, sau biyu yake cika a Yamai kowace shekara, kuma ruwan damana da na ɗari ba daga wuri ɗaya suke ba. Na ɗarin da ka sani tun kana yaro baƙo ne daga nesa. A duwatsun ƙasar Gini yake zuba, ya bi ta Bamako da Segu, ya faɗa wata ƙatuwar fadama a tsakiyar Mali, daga wajen Mopti zuwa kusa da Tumbutu. A nan yake bajewa cikin burgu da tabkuna, ya yi watanni yana jan ƙafa, lakarsa ta kwanta, rana ta sha rabonta. Abin da ya saura shi ke gangarowa ta Gao da Ayoru da Tillaberi, ya iso mana a Disamba ko Janairu, ya huce, ya tace. Fadamar Mali da ciyawarta ne suka ladabtar da shi kafin ya zo ƙofarka.

Jan ruwan kuwa ɗan maƙwabta ne. Gulabe uku ke kawo mafi yawansa, Goruwal da Dargol da Sirba. Dukansu daga wajen Burkina Faso suke tasowa, su faɗa kogi ta gefen Gurma, wato hayin yamma, tsakanin iyakar Mali da Yamai, babu fadamar da za ta tsayar da su a hanya. Hadarin da ya zuba yau a Liptako, can wajen iyakar Burkina, kwana kaɗan ka ga ruwansa a ƙarƙashin gadar Kennedy, ɗauke da ƙasar gonakin mutane, ita ce jan da kake gani. A zamanin ƙuruciyarka wannan cikar ƙarama ce, share fage kawai take yi kafin babba ta zo. Yanzu sau da yawa ita ke fin ta Gini. A 2012 ma'aunin Yamai ya haura mita 6, a Satumban 2020 ya kai mita 7, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Mutanen Lamorde da Karaje da Kirkisoi, da ku na Saga, kun fi ni sanin abin da ya biyo baya. Kuma kogin nan ne dai ya yanke a Yamai a watan Yunin 1985, har ana ƙetare shi da ƙafa.

To me ya juya? Ƙasar ce aka tuɓe wa sutura. A shekarun 1950 da 1960 ruwan sama ya wadata, amma a kan daji yake sauka: geza da sabara da taramniya, ciyawa, da saurukan da aka bari suna hutawa. Ganye ya karya ƙarfin ɗigo, saiwa da ramukan gara su buɗe masa hanya ya shige ƙasa. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, na 1984 ya biyo da yunwar da muke kira El Buhari, itatuwa suka mutu a tsaye. Jama'a kuma na ta ƙaruwa. Da aka sami mulkin kai a 1960 mutanen Nijar miliyan 3 ne da ɗoriya, ƙidayar 2012 ta ba da miliyan 17. Kowane baki na son hatsi, kowane murhu na son itace. Aka sassabe daji, aka daina barin saura.

Ƙasar da ke tsirara, ɗigon ruwa kai tsaye yake dukan ta. Ya farfasa ɓurɓushinta, garin ya toshe ƙofofinta, rana ta gasa, sai ɓawo ya rufe ta, ta zama fako. Ruwa a kan fako tamkar ruwa ne a kan rufin kwano: ko kaɗan ya zuba, kusan duka yake gangarowa, kuma nan take. Shi ya sa tun cikin shekarun 1980 masu awo suka lura cewa gulaben yankinmu na ɗauko ruwa fiye da na da, alhali sama ta rage.

Daga shekarun 1990 damana ta ɗan farfaɗo, amma da wani hali. In ruwa ya tashi zuwa sai ya zo da fushi, na mako biyu a dare ɗaya. Wani bincike da aka fitar a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel, ya kuma danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Wannan rabon ɗumamar duniya ne, hayaƙin da galibinsa ba mu muka tayar ba. Amma Baba, raina na ɓaci in na ga a taro an rataya komai a wuyan sauyin yanayi an shafa fatiha an watse. Abin da aka rataya can, ba wanda zai saɓi diga dominsa. Fako kuwa da hannunmu aka yi shi, kuma hannu na iya kwance shi.

Sai yashi. Ruwan da ke gudu yana yanka kwazazzabai, ya kwaso yashi ya juye a kogi. Ka dubi bakin ƙoramar Kurtere a hayin Harobanda, yadda tulin yashi ya kutsa ya matse kogin. Cikinsa ya cike, ruwan da a da yake ɗauka lafiya yanzu sai ya fantsama gefe. Gefen nan kuwa, a shekarun fari da kogi ya ja baya, an yanka filaye an yi gini.

Nakan ji ana cewa da an gama madatsar Kandaji shi ke nan. Madatsar na da amfani babba, ga lantarki, ga noman rani, ga hana kogi yankewa da bazara. Sai dai tana can sama wajen Ayoru, Dargol da Sirba kuwa a ƙasanta suke shigowa, jan ruwansu ba zai bi ta ƙofarta ba. Maganinsa na can a gonaki da tuddan da yake tasowa, a ƙasar Tera da ƙetaren iyaka.

Kai kuma Baba, daga farkon Agusta ka riƙa kasa kunne ga sanarwar tsawon kogi a rediyo. Santimita 620 shi ne matakin ja, na haɗari. Kada ka jira shi. Injin ban-ruwa da buhunan taki da irin da kake reno su hau tudu tun ruwa na nesa.

Daga wani ɗan kabu-kabu a Tawa

"Inna Malama, barka da aiki. Garinmu na wajen Kalfu amma a birni na tashi, ban taɓa riƙe diga ba. Mahaifinmu ya rasu bara ya bar mana gona biyu. Ɗaya tana ba da hatsi, ɗayar fako ce a gindin dutse, tun ina yaro ban ga an shuke ta ba. Yayyena sun ce a sayar a raba kuɗin, har mai saye ya fito. Ni raina bai kwanta ba. Fako yana tashi kuwa, ko wahalar banza zan sa kaina?"

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa aljanna ce makoma. Fako yana tashi. A gabana aka yi.

Ina yarinya aka soma aikin raya ƙasar Keita, a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ana biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Kamaru, don haka mata ne suka ɗauki yawancin aikin. Innata na cikinsu. Da asuba za su hau gangaren da ke bayan garinmu da gammo da kwando, su yini jidar duwatsu suna jerawa, suna haƙa ramuka a ƙasar da diga ke tartsatsi in ta sare ta. Ni ke kai mata fura da hantsi. Gangaren nan a lokacin ja ne zur, daga ƙofar gida ake hango akuya a kansa. Yau in akuya ta shige shi sai an bi sawu, don bagaruwa da farar ƙaya sun rufe. Cikin shekara 20 aikin ya gyara sama da hekta 30,000, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18. Duk sa'ad da na ji wani na cewa ƙasarmu ta mutu, tafin hannun Innata nake tunawa da kantar da ke cikinsa.

Kai ba ka da katafila, ba ka da mai biyan ka da abinci, don haka darasinka na wurin mutanen Illela. A 1989 wani shiri na asusun raya noma na duniya, FIDA, ya kai wasu manomansu Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake noma cikin ramuka masu taki. Da suka dawo sai suka gyara tassa, ramin shukar da kakanninmu suka sani, suka faɗaɗa ta, suka zuba mata taki. Damanar 1990 ta yi gardama, aka ga inda aka yi tassa nan aka yanki zangarniya. Daga nan ba wanda ya jira malamin gona. Abin da nake so ka gaya wa yayyenka shi ne, cikin ƴan shekaru mutane suka shiga sayen fako da gangan, kuɗinsa ya tashi. Wanda ke zawarcin gonarku ya san haka.

Daga sama za ka fara. Ka jera gandari, wato layin duwatsu, a gicciyen gangare ya karya gudun ruwan da ke saukowa daga dutse, in ba haka ba ruwan farko zai cike maka ramuka da tsakuwa. Layin duwatsun ya bi daidaiton ƙasa; malaman gona na da siririn tiyo mai ruwa da suke awo da shi, ka roƙi su nuna maka. Sannan tassa. Da rani ake haƙa ta, bayan an kai amfani gida, tun zafin bazara bai sauko ba. Faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami wajen tako ɗaya. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare ta tare ruwa, gefen tudu kuwa ka bar shi a buɗe. Layi na biyu kada ya zauna daidai bayan na farko, ramukansa su faɗo a tsakani, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Kowane rami ka ba shi busasshen taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Daga nan kana da mataimaka. Iska za ta zubo ganye da ƙura a ciki, gara ta ji taki ta zo, ta huda ɓawon nan da hanyoyinta. Garar da muke tsine wa a rumbu ita ce babbar ma'aikaciya a fako. Ruwan shuka na sauka, ka shuka cikin ramin.

Hekta guda na cin rami wajen 10,000, jan aiki ne. Kada ka ce za ka gama a rani ɗaya. Ka yanki kusurwa, ka kira gayya, ka sa kuɗin kabu-kabu a taki da amalanke. A gwaje-gwajen Illela na shekarun 1990, gonar tassa mai taki ta riƙa ninka wadda ba a taɓa ba sau uku zuwa huɗu. In kusurwar ta yi zangarniya, ita za ta yi maka magana da yayyenka. Inda gangaren ya kwanta, faffaɗan rami mai siffar rabin wata ya fi sauri, bakinsa na duban tudu. Gonarku ta biyu kuwa in jigawa ce kada ka yi mata tassa, yashi zai binne. Can sassaben zamani ake yi: kututturen sabara ko kalgo ko gawo da ke tohowa, ka bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka datse saura. Da wannan dabarar manoman Maraɗi da Damagaram suka mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba.

Amfanin bai tsaya a rumbu ba. A Batodi ta ƙasar Illela, bayan an yi shekaru ana tassa da rabin wata, ruwan rijiyoyi ya hau da fiye da mita 10, har mata suka kafa lambunan rani. Ruwan Adar ba Yamai yake zuwa ba, amma ciwon da ke jikin gonarka shi ne ke aika wa Baba na Saga jan ruwa daga ƙasar Sirba.

Tun fakon na fako, ku je gaban maigari da kwamitin filaye, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a rubuta na wane ne da iyakokinsa. Yau ba mai so, ranar da ya yi kore magada za su yi yawa. Ka kuma bincika ko burtali ya ratsa wurin. In makiyaya na bi, ka zauna da su tun ba ka sa diga ba. Iyayenmu kan ba Bafillace ko Buzu damin hatsi ya kwana da garkensa a gona da rani. Takin da za ka saya da tsada ta nan zai zo maka, da zumunci a kai.

Daga wani mahaƙin rijiya mai aiki a gabas da Yamai

"Malama, kullum kina cewa sare daji na busar da ƙasa. To ni ina yasar tsofaffin rijiyoyi a wajen Hamdallai da Dancandu. Dajin wurin ya ƙare, amma tsofaffi na ce mini igiyar gugansu ta ragu da gaba biyu a kan ta iyayensu. Yaya ke nan?"

Malam, tsofaffin sun faɗi gaskiya, kuma na ji daɗin wannan tambayar ƙwarai. Awon da aka yi a yankin Fakara, nan gabas da Yamai, ya nuna ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, har da shekarun fari a ciki. A can ƙoramu ba su kai wa kogi. Ruwan da fako ya koro yakan taru a tabkunan kwari, gindinsu kuwa na yoyo, sai ya tsiyaye cikin yashin da ke ƙasa. Fako ya ƙaru, tabkuna suka ƙaru, rijiya ta samu. Manyan saiwoyin da ke zuƙe ruwan a da kuma babu su. A ƙasar Sirba dutse ne mai tauri a ƙasa, ƙoramu kuma a buɗe suke har kogi, shi ya sa fako iri ɗaya ya zama ambaliya a can, a nan ya zama ruwan guga.

Kada dai a ɗauka riba ce tsantsa. Ruwan ya isa rijiya ne bayan ya tsallake gona, ya tafi da ƙasar sama, bai shayar da hatsi ba. Na Batodi a gona ya shiga, sai da ya ba da dami sannan ya sauka. Amma tun da ya samu, a ci moriyarsa da noman rani. Kai kuma da ke haƙa, ruwan da ya matso kusa ya fi saurin gurɓata. Ka nisanta rijiyar sha da masai da turken dabbobi, ka ɗaure bakinta da siminti.

Daga wani ɗalibin lise a Tawa

"Malama, da na je hutu wajen Tamaske na tsinci duwatsu masu siffar katantanwa a gefen dutse. Abokina ya ce teku ce ta bar su. Teku a Adar? Ko tatsuniya yake mini?"

Ɗalibina, abokinka ya yi gaskiya. Da irinsu muka yi ƴar carafke muna yara. Tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi, mai ɗumi, ya sha shigowa yana janyewa a inda yau take Sahara, wani lokaci har ya haɗa tekun arewa da ta kudu. Adar na ƙarƙashinsa. Ɓawon halittun ruwa ya yi ta kwanciya a gindi har ya dunƙule ya zama farin dutse, shi ne ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. In ka sa ido za ka tsinci haƙoran kifi ma.

Da tekun ta janye, gulabe suka shimfiɗa yashi da laka a kai, marmara ta daskare a sama. Ka hau kowane dutse na Adar ka duba, kawunansu a shafe suke, kusan tsawo ɗaya. Da can fili guda ne. Ruwa ne ya yi ta yankan sa har ya fitar da kwarin Keita da na Badagishiri da Majiya, shi ne kuma ya tono maka katantanwar da ka tsinta.

Akwai na kusa-kusa ma. Shekaru 10,000 zuwa 5,000 da suka shige Sahara kore ce, da tabkuna da dorina. A Gobero cikin Tenere an tono kaburburan mutane tare da ƙasusuwan kifi da kada. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen lokacin sun sassaƙa raƙumin dawa da girmansa a jikin dutse. Kwarin Azawak kogi ne a sa'an nan, yana gangarowa ta Dallol Boso ya faɗa Isa. Kogin ya mutu amma kwarinsa na ciyar da mutane har yau: ruwa kusa, gawo da goruba, kanwa. Nan kuma raƙuman dawan Kure ke sauka da rani, waɗanda suka ragu har 49 a 1996, aka tsare su suka haura 600.

Wasu kan ji wannan su ce ashe ƙasa ta saba sauyawa, to mene ne na damuwa. Ka dubi tsawon lokacin. Teku miliyoyin shekaru ta ɗauka, bushewar Sahara ƙarnuka ta ci, dajin da ya zama fako kuwa a rayuwar mutum ɗaya ya tafi. Duwatsunka ka rubuta inda ka tsince su ka kai wa malaminku na kimiyya, kada ka sayar. In ka zo Yamai ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama ka ga ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a ƙasar Agadas.

Daga wata tela a Yamai

"Yaya Malama, ƴaƴana huɗu, haya ta ishe ni. Na yi adashe na tara ɗan abin da ya samu. An nuna mini fili a hayin kogi, kuɗinsa rabin na sauran wurare. Na je na gani a watan Maris, busasshe ne sarai, har da maƙwabta. Mai filin na matsa mini. In saya?"

Ƙanwata, Allah ya sa albarka a guminki. Araha ba ta ado. A watan Maris kowane fili a Yamai busasshe ne, har tsibiran cikin kogi. Filin da za ki kwana a ciki da ƴaƴa, a ƙarshen Agusta ake duba shi, washegarin babban ruwa.

Kafin nan ki koma ki dubi ƙasar da kyau, tana da alamominta. Baƙar laka mai tsattsagewa, ruwa ke kwana a kanta. Ɓawon katantanwa a ƙasa, ko kacalla da burgu a gefe, haka nan. Zirin farin yashi mai laushi da ya ratsa unguwa hanyar ƙorama ce, ko ta yi shekara biyar ba ta zo ba tana nan tafe. Ki dubi gindin katangun maƙwabta, ruwa kan bar zane, sabon yaɓe daga ƙasa zuwa gwiwa ma ba banza ba. Kada ki tambayi dillali. Ki nemi tsohon masunci ko mai lambu na wurin, ki ce ya taka ya nuna miki inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2020 da 2024. Sannan ki je ma'aikatar magajin gari ki ji ko wurin na cikin inda aka hana gini, ki kuma ga takardar filin da idonki.

In an ce miki akwai ganuwar tare kogi, ki tuna ta ɓalle a 2020. Ko ta riƙe ma, ruwan saman da ya zuba a bayanta ba shi da mafita in kogi ya cika. Ƙaramin fili a kan tudu, ko da nisa da kasuwa, ya fi miki. In mai filin ya ce ba zai iya jira har Agusta ba, ki bar masa abinsa, ki ci gaba da zubin adashenki.